Waƙoƙi uku, babu filasha, ga kuma takardar da suke so in sa wa hannu

Auwal:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manyanmu da suka riga mu shiga wannan sana'a. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hotunan mawaƙa a ƙananan ɗakunan wasa, inda babu mai tambayata takarda, kuma nakan tsaya daga farkon wasa har a tashi. Yanzu wata mujallar intanet ta nema mini izinin shiga wani babban wasa, an kuma amince, amma saƙon da ofishin mawaƙin ya aiko ya zo da sharuɗɗa biyu da suka tsaya mini a rai. Na farko, waƙoƙi uku na farko kawai za mu ɗauka daga ramin da ke tsakanin dandamali da shingen 'yan kallo, ba tare da filasha ba, sannan a fitar da mu. Na biyu, akwai takarda mai shafi ɗaya da sai na sa mata hannu a bakin ƙofa, wadda ta ce mujallar za ta buga hotunan sau ɗaya, daga nan haƙƙin mallakarsu ya koma hannun mawaƙin har abada, ya yi amfani da su yadda ya ga dama ba tare da ya biya ni ba. Kayan aikina kyamara ɗaya ce, da gilashin gaban kyamara, wato lens, da aka sayar mini da ita tare, da wani na 50mm mai buɗewa zuwa f/1.8, wato mai faɗin ƙofar shigar haske. Shin waƙoƙi uku za su ishe ni? Kuma in sa hannu, ko in haƙura da wasan?

Nura:
Wa'alaikumus salam, Auwal. Zan amsa maka na kayan aiki, maganar takarda kuwa na bar wa manya. Gilashin da ya zo tare da kyamara ka bar shi a gida, domin idan ka jawo abu kusa da shi ƙofarsa tana tsukewa zuwa f/5.6, wato kashi ɗaya cikin huɗu na hasken da f/2.8 yake shigarwa, alhali a dandamalin kiɗa haske ne abin da ya fi komai ƙaranci. Na 50mm ɗin nan shi ne abokin tafiyarka. Galibin waɗanda za ka tarar a ramin suna rataye da kyamara biyu, ɗaya da 24-70mm ɗaya da 70-200mm, don kada su ɓata lokaci wajen sauya gilashi a cikin duhu. Idan ka sami aron na farkon, madalla. Idan ba ka samu ba, ƙafarka za ta yi maka aikin matsawa da ja da baya.

Kada ka bar kyamara ta yi maka zaɓi. Idan ta auna haske da kanta, baƙin labulen da ke bayan mawaƙi zai ruɗe ta, ta ɗauka wurin ya fi yadda yake duhu, sai ta ƙara haske har fuskar mutum ta koma fari fat, babu hanci babu ido. Ka saita komai da hannunka, ka auna daga fuskar mawaƙin. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa ga wanda yake tsaye a gaban makirfo, mai tsalle da mai ganga kuwa sai 1/500 ko sama da haka. ISO, wato ma'aunin ƙarfin kyamara na kama haske, ka ɗaga shi zuwa 3200 ko 6400 ba tare da fargaba ba, saboda tsaki-tsakin da yake kawowa ana iya rage shi a kwamfuta, amma hannun da motsi ya shafe babu mai dawo da shi. Ka ɗauka da RAW, wato tsarin ajiye hoto ɗanye don a gyara shi daga baya, tun da launin fitilu yana sauyawa kafin ka ƙifta ido. Akwai kuma abin da ya taɓa cinye mini aikin dare guda: fitilun LED suna kunnuwa suna mutuwa da saurin da ido ba ya gani, idan kuwa ka sa kyamara a tsarin ɗauka marar ƙara, wato na lantarki, hotuna sukan fito da ratsi-ratsi a kwance kamar saƙar tabarma. Ka gwada tun a kan mawaƙin da yake buɗe fage, ka duba da kyau kafin babban ya hau.

Malam Garba:
Auwal ɗana, abin da Nura ya faɗa daidai ne, sai dai kyamara ba ta san waƙa ba, kai ne za ka san ta. Waƙoƙi uku ba su cika wuce minti goma zuwa goma sha biyar ba, kuma wanda ya shiga rami bai shirya ba yakan ƙare su yana juya maɓalli. Mu da muka fara da fim mai hoto 36 a naɗi ɗaya, dole ta koya mana jira. Kafin ranar, ka saurari waƙoƙin har ka san inda amshi yake shigowa da inda ganga take tsayawa. Ka kalli bidiyon wasannin da suka yi a kwanakin baya, domin a rangadi ɗaya jerin waƙoƙin farko ba ya yawan sauyawa. Ka lura da hannun da mawaƙin yake riƙe makirfo da shi: idan dama ne, ka tsaya ta ɓangaren hagunsa, in ba haka ba za ka koma gida da hoton dunƙulallen hannu a maimakon baki. Lokacin da ya ja dogon sauti yakan janye makirfo daga fuskarsa, to a nan ake dannawa. Mai tsalle kuma, idan ya kai ƙarshen tashinsa, jikinsa yakan tsaya cak na ɗan ƙiris kafin ya sauko, wannan ɗan tsayin shi ake farauta.

Sannan ka sani ramin nan ba don mu aka yi shi ba. Hanya ce ta masu tsaro, ta nan suke zaro wanda ya suma ko wanda cunkoso ya matse a jikin shinge. A shekarar 2000 mutum tara suka rasu a gaban dandamali a bikin kiɗa na Roskilde a ƙasar Denmak saboda matsi, don haka idan mai tsaro ya ce ka matsa, ka matsa tukuna, hoto ya biyo baya. Ka sa baƙaƙen kaya, kada ka shiga da jaka a bayanka, kada ka ɗora komai a kan dandamali, kuma idan za ka wuce abokin aiki ka bi ta bayansa kana sunkuye. Wanda ya sami wuri mai kyau ya ɗauki abinsa ya ba na baya, haka aka gada.

Abin da na fi so ka ji daga gare ni shi ne maganar kunne. Kunnena na hagu yana da ƙara mai kama da kukan gyare wadda ba ta yin shiru dare da rana, kuma na same ta ne daga shekarun da nake tsayawa daf da lasifika babu abin toshewa, ina ganin ƙuruciya za ta kare ni. Ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ya nuna ƙara mai ƙarfin desibel 85 ana iya zama a cikinsa awa takwas, duk ƙarin desibel 3 kuma yana rage lokacin da rabi, har ya zama desibel 100 minti goma sha biyar ne kacal. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a wuraren wasa ya haura desibel 100 ɗin nan. Mu kuwa a bakin lasifikar muke tsayawa. Ka sayi abin toshe kunne kafin ka sayi sabon gilashi.

Hajiya Rabi:
Na yi shekaru ina zaɓen hotuna a teburin jarida, saboda haka bari in ɗauki maganar takardar. Auwal, kada ka sa mata hannu yadda take. A ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka, wadda aka fara ƙullawa a 1886 kuma yanzu mafi yawan ƙasashen duniya sun shiga, haƙƙin mallaka yana tabbata da zarar an yi aikin, ba sai an yi rajista ba. Wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi, sai fa idan ma'aikacin wani ne da ya ɗauka a bakin aikinsa, ko kuma ya sallama haƙƙinsa a rubuce. Wannan takarda ita ce sallamawar, shi ya sa ake miƙo ta a bakin ƙofa, lokacin da kiɗa ya fara tashi kuma mutum ba shi da sukunin karantawa. Kai da aka aiko maka da ita tun da wuri, ka yi sa'a.

Ya kamata ka bambance sharaɗi iri biyu. Akwai wanda yake taƙaita amfani, misali a ce kada ka buga fuskar mawaƙin a riga ko fosta ka sayar. Wannan ban ga laifinsa ba, fuskarsa ce kuma kasuwarsa ce. Akwai kuma wanda yake karɓe mallaka gaba ɗaya, ta yadda hoton da ka ɗauka da kyamararka, ka kwana kana gyarawa, zai iya hawa bangon faifai ko allon talla ba a biya ka ba, kai kuma ko a cikin kundin aikinka ba za ka sa shi ba sai da izini. Irin wannan an yi rigima a kansa a bainar jama'a. A watan Yuni na 2015 mawaƙiya Taylor Swift ta rubuta wa kamfanin Apple buɗaɗɗiyar wasiƙa tana ƙorafin cewa ba za a biya mawaƙa ba a watanni ukun gwaji na manhajarsa ta sauraron waƙoƙi, Apple Music. Sai wani mai hoto ɗan Ingila, Jason Sheldon, ya mayar mata da tasa wasiƙar, yana nuna cewa takardar da ake ba masu hoto a wasanninta ita ma aikin kyauta take nema daga gare su. Jaridar Irish Times ta ƙi buga hotunan wasanta na Dublin saboda sharuɗɗan, kuma ba a yi makonni da yawa ba aka sauya takardar bayan zama da ƙungiyoyin masu hoto. A wannan shekarar dai jaridar Washington City Paper ta ƙi tura mai hoto wasan ƙungiyar mawaƙa ta Foo Fighters, jaridar Le Soleil ta Kebek a Kanada kuwa mai zane ta tura ya zana su da hannu. Ka mayar wa editanka da takardar yau, shi ya rubuta wa ofishin ya nemi a soke layin mallakar. Sunan mujalla ya fi naka nauyi a wurinsu.

Sadiya:
Hajiya, ina girmama maganarku, amma bari in faɗi yadda abin yake daga ɗaya gefen, tun da yanzu ni ce mai hoton tawagar wani mawaƙi. Na ga hoton maigidana a rigunan da ake sayarwa a ƙofar wasansa, wanda bai san wanda ya buga ba, kuma daga ramin nan aka ɗauke shi. Na ga an bar hotuna ɗari masu kyau an zaɓi guda ɗaya da ido ya lumshe baki ya karkace, aka yaɗa shi don a yi dariya. Abin da ya sami mawaƙiya Beyoncé ke nan bayan wasanta na Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, a 2013, kuma a rangadin da ya biyo baya aka hana masu hoton waje shiga, tawagarta ce take raba wa jaridu hotuna. Mutumin da sana'arsa ta dogara da yadda ake ganinsa ba za a ce kada ya kare kansa ba.

Kuma Auwal ƙanena, gaskiya ita ce ni ma na taɓa sa hannu a irin wannan takarda lokacin ina sabuwa. Hotunan daren nan su manajan ya gani ya neme ni. Da na tsaya a ƙofa ina jayayya, da ban kai inda nake ba. Wanda bai yi suna ba tukuna, shiga ita ce jarinsa.

Hajiya Rabi:
Sadiya, na yi murna da inda Allah ya kai ki, amma ki duba bambancin. Ke yanzu ana biyan ki, kina tafiya da su, suna ɗaukar nauyinki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, idan sun riƙe hotunan da suka biya ki kika ɗauka, ciniki ne aka yi da yardar kowa. Auwal kuwa ofishin mawaƙin bai ba shi ko sisi ba, mujalla ce ta aike shi, kuma ana so ya bar musu amfanin gonar da ba su nome ba. Matsalar masu buga riga layi ɗaya yana maganinta, wanda ya hana sayarwa, ba sai an ƙwace mallaka ba. Labarinki na manaja kuma ya faru da ke, ban musa ba, amma mutum nawa ne suka sa hannu a daren nan ba a neme su ba? Duk sabon da ya amince, ya sauƙaƙa wa ofis ya miƙa wa na bayansa takarda mai tsanani fiye da ta jiya.

Game da hotunan da tawaga take rabawa, na sha karɓarsu a tebur na ajiye. Suna da kyau ƙwarai, sai dai duk abin da mawaƙin bai so a gani ba an tace shi, kujerun da babu kowa a kansu ba sa fitowa, gajiya ba ta fitowa. Jaridar da ta dogara da su talla take bugawa da sunan rahoto.

Malam Garba:
Ku biyun kowacce ta riƙe wani gefen gaskiya, ni kuma abin da yake damuna shi ne dokar waƙoƙi ukun kanta. Ku tuna hoton Jimi Hendrix durƙushe a gaban jitarsa tana cin wuta a bikin kiɗa na Monterey na 1967. Ed Caraeff ne ya ɗauka yana ɗan shekara 17, kuma a ƙarshen wasan abin ya faru. Ku tuna na Pennie Smith, inda Paul Simonon na ƙungiyar The Clash ya ɗaga jitarsa zai maka ta da ƙasa, a ɗakin Palladium na New York a watan Satumba na 1979. Ita da kanta ba ta so a yi amfani da shi ba saboda ya yi dishi-dishi, amma shi ya zama bangon faifan London Calling. Da dokar yau aka bi, da an fitar da yaron nan Caraeff tun kafin a kunna ashana. A waƙoƙin farko mawaƙi bai yi gumi ba, rigarsa a goge take, yana sane da kyamara, abin da yake nuna maka shi ne abin da ya shirya nunawa.

Sai dai a nan zan ba Sadiya gaskiyarta. Pennie Smith tafiya take yi tare da ƙungiyar a rangadin, sun saba da ita, shi ya sa take tsaye a gefen dandamali a wannan lokacin. Amana ce ta kai ta wurin. Saboda haka Auwal, kada babban wasa ya sa ka raina ƙananan ɗakunan da ka fito. Mawaƙin da ya bar ka ka tsaya har ƙarshe yau, ka ba shi hoto mai kyau, ka rubuta masa a fili abin da zai iya yi da shi da abin da sai ya sake biya, idan ya girma zai tuna da kai.

Sadiya:
Malam, a kan wannan ba ni da ja. Hajiya, na yarda layin hana sayarwa ya isa ya magance maganar riguna. Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne a ce sabo ya juya daga ƙofa idan an ƙi gyara takardar, domin wanda zai yi asara a daren shi kaɗai ne, ramin kuma zai cika da wasu.

Isuhu:
Ni ba mai hoto ba ne, fitilun dandamali nake kunnawa, amma ina bin maganarku. Auwal, ka sa rai waƙar farko za ta zo da duhu, da hayaƙi, da haske daga baya, saboda haka ake tsara shigowar mawaƙi don 'yan kallo su ɗokanta. Ba don a cuce ku muke yi ba. Idan ja ya rufe dandamali kada ka ƙare ƙarfinka a nan, fata ba ta fitowa da kyau a cikinsa, ka jira amshi, galibi a nan muke buɗe farin haske daga gaba. Idan ka iso da wuri ka zo wurin teburinmu ka gaishe mu ka tambaya, babu abin ɓoyewa, zan gaya maka waƙar da ta fi haske. Ka kiyayi hasken leza kuma: idan ta faɗa kai tsaye cikin gilashi tana iya ƙona idon kyamara ta bar masa layi har abada, don haka da ka ga ta fara shara ta ɓangarenka ka sunkuyar da kyamara.

Auwal:
Na dawo in ba ku labari, kuma ina godiya ga kowa. Na yi yadda Hajiya ta ce. Editana ya rubuta musu, suka yi kwana biyu shiru, sannan suka aiko da wata takardar da babu layin mallaka a ciki, sai sharaɗin kada in sayar da hotunan a kan kaya, na kuwa sa hannu da natsuwa. Ashe suna da ita tun farko, wanda ya tambaya ake ba.

Waƙoƙin uku minti goma sha ɗaya suka ɗauka. Ta farko duhu ce da jan haske kamar yadda Malam Isuhu ya faɗa, hannuna yana rawa, na ɓata kusan rabinta ina duba bayan kyamara. A ta biyu na tuna maganar makirfo na koma hagunsa. Na ɗauki hoto sama da ɗari huɗu, bakwai na tura wa mujalla, suka buga biyar. Wanda ya fi kwanta mini a rai ba su buga ba: a ƙarshen waƙa ta uku mai tsaro ya riga ya taɓa kafaɗata, ina juyawa sai na ga wata yarinya a jikin shinge ta rufe ido tana rera amshin, hasken dandamali ya zubo mata a rabin fuska, hannun mawaƙin kuma ya shigo ta gefen hoton yana miƙo wa jama'a makirfo. Na danna sau ɗaya ina tafiya, hannun ya ɗan shafe. Baba Malam, abin toshe kunnen yana kunnena tun daga ƙofa.

Yanzu kuma ga wani wasan a wata mai zuwa, takardarsu irin ta farkon ce, kuma sun amsa wa editana cewa ba sa sauya ko harafi ɗaya. Na gaya masa ba zan je ba. Yaya Sadiya, na san kina ganin na yi asara, wataƙila kuma na yi, amma a daren akwai wata ƙaramar ƙungiya da ta ce in zo in tsaya har a tashi.

Malam Garba:
Turo mana na yarinyar nan mu gani, kuma kada ka taɓa hannun da ya shafe, ka bar shi yadda kyamara ta kama shi. Ranar ƙaramin wasan kuma ka nemi izini ka hau gefen dandamali a waƙa ta ƙarshe, ka tsaya bayan mai ganga kana fuskantar jama'a.